Rubutun da Damina Ke Tonowa

"Ya sake fitowa, Mama," in ji Carmelo, yana tsaye cikin taɓo da addar saran rake a hannu.

Nunziata ba ta buƙatar a faɗa mata. Ruwa ya wanke bangon gidansu mai kallon titi, ga baƙaƙen haruffan nan sun leƙo ta ƙarƙashin farar ƙasa. Ba ta karanta Turanci, amma duk ɗan tsibirin Sisili na Italiya irinta da ya yi ƙaura zuwa nan garin Ingham ya san abin da ke wurin: a kori 'yan Italiya, masu ƙwace aikin 'yan ƙasa. Tun kafin yaƙin duniya aka rubuta shi, lokacin da jaridu ke zana su da wuƙa a baki.

Ga shi ranar Lahadi iyayen Beryl za su zo, yarinyar da Carmelo ke nema. Ubanta kuwa da ƙyar ya yarda zai tako unguwar, ƙiris yake jira ya fasa.

"Ba aikin ruwa ba ne," in ji Nunziata. "Tsohon nan ne ya bi ya ƙara masa baƙi. Ya ji zancen auren."

"Haba Mama, mutumin da ko bakin ƙofa ba ya iya kaiwa?"

"Mugu ba ya rasa ƙafa."

Tsohon shi ne Fergus Tierney, maƙwabcinsu mai rubuta allunan shaguna. Nunziata mai ɗinkin hannu ce, ta san hannun mutum a aikinsa. Lanƙwasar da ke wutsiyar haruffan bangonta ita ce a allon mahauci da na mai burodi. Shekara ashirin da ka kawai take amsa gaisuwarsa. Duk ƙarshen damina takan wayi gari ta tarar an shafe bangon fari fat, ta ɗauka aikin matan coci ne, masu yawo da kek da 'yan takardu masu cewa baƙi ma mutane ne. Su ɗin ma ba ta gama yarda da su ba. Abin da sai an buga a takarda kafin a sani ai da sauran magana. Duk da haka kowace shekara tana aika musu kwandon lemo. Bana ba wanda ya zo.

Ta ɗaura ɗankwali ta tsallaka. Maud, ƙanwar tsohon, ta buɗe mata.

"Gara da kika zo. Tun jiya yake cewa a kira ki."

Biri ya yi kama da mutum, in ji Nunziata a ranta.

Ɗakin na warin kananzir da magani. Tierney ya ƙanƙance cikin bargo, ƙirjinsa na yin fito in ya ja numfashi. Ta dubi yatsunsa tana neman ɗanyen fenti. Babu.

"Misis Patane, ya fito ko?"

"Kai za a tambaya."

"Na ji ruwa a kan kwano, na san zai fito." Ya yi tari mai tsawo. "Kada yaronki ya sa farar ƙasa, ba ta riƙewa. Baƙin da ke ƙasa fentin jirgin ruwa ne, ba ya mutuwa. Ya kankare har katako, ya shafa kwalta, sannan fari."

"Lalle ka san fentin nan."

Ya dubi rufin ɗaki. "Na san shi."

Ta matso kusa da shi.

"Tunda ka san maganinsa, me ya hana ka faɗa tuntuni?"

"Na so in yi da kaina. To amma kankara tana da ƙara, da kun farka kun same ni a bangonku." Ya rufe ido. "Buroshi shiru yake."

Sai a lokacin ta lura da bokitan da aka jera a bayan ƙofa, wani cikin wani, farar ƙasa ta bushe a bakinsu. Haushi ya kama ta, tausayi kuma ya biyo baya, ta ji haushin tausayin ma.

"Shekara da shekaru matan coci na shan lemona a banza," ta ce.

Kafaɗunsa suka motsa. Ko dariya ce ko tari, ba ta tantance ba. Ta gyara masa bargon da ya zame, ta fita ba sallama.

Ranar Juma'a tsohon ya cika. Washegari da safe ta tarar da ƙarfen kankara a kan matakalarsu, an naɗe shi cikin tsohuwar riga, Maud ce ta ajiye.

Carmelo na tsakar aiki, ƙarar ta cika titi, sai ga motar gawa ta fito a hankali, mutane 'yan kaɗan a bayanta. Ya dakata, ya cire hula.

"Ci gaba," in ji Nunziata daga bakin ƙofa. "Bari ya ji."

Ta tsaya nan har motar ta sha kwana. In ruwa ya ɗaga musu ƙafa, farin zai bushe kafin gobe. Ɓawon baƙin fenti na zubowa a hankali, yana taruwa cikin taɓon gindin bango.