Wuƙar da Ya Bari a Karkace

Ina fito da burodin rana daga tanderu, sai mai sayar da gawayi ya shigo ba sallama, hularsa a hannu. Ya ce maigidana ya faɗi a rumfarsa yana cikin tayin buhu. Sun kai shi asibiti, amma ya cika tun a mota. Na tuna sai da na ƙarasa fitar da farantin ƙarshe, don kada ya ƙone, sannan na ɗauki mayafina na bi shi.

Maƙeri ne, wuƙaƙe kawai yake yi. Sai da aka yi wata biyu na iya buɗe maƙerarsa da ke bayan gida. A kan teburin na tarar da wuƙar da ya yi da safen ranar. Ya gasa ta ta yi ja, ya tsoma ta cikin mai, ta fito a karkace kamar haƙarƙari. Haka ya bar ta ya tafi sayo gawayi.

Ƙaninsa, wanda muke kira Auta, bakanike ne. Ya ɗaga wuƙar yana dariya.

"Matar Yaya, wannan ai aikin minti ɗaya ne. In matse ta, in ba ta guduma biyu."

"Ajiye min. Motocin da ka ba guduma biyu, ga su can jere a ƙofar garejinka kaji na ƙwai a ciki."

"Haba! Ni da ƙarfe nake kwana, ke da fulawa."

"Ƙarfen da ya fito daga mai kamar gilashi yake. Ka taɓa shi da sanyinsa, gida biyu zai rabu. Kuma babu wanda zai sake yi mana wata."

Babbar 'yata ta ce, "Umma, mu rataye ta haka mana. Hannun Baba ne."

Na ce mahaifinta bai taɓa yarda a ga karkataccen aikinsa ba, ba kuwa zan rataye masa abin kunya a falo ba.

Abin da Auta bai sani ba shi ne, shekara ashirin da uku a tanderuna yayansa yake sassauta wa wuƙaƙe taurinsu. Kullum sai mun yi faɗa, ina cewa burodina zai yi warin baƙin mai. Shi ya san ƙarfe, amma zafin tanderun ni na sani. Nakan watsa fulawa kaɗan a faranti. In ta yi ruwan zuma kafin in gama wanke hannu biyu in goge tebur, zafin ya yi.

Washegari na kashe aikin burodi. Na sa wuƙar ita kaɗai a tanderu ta yi awa biyu, don taurin ya sauka. Sannan na ɗauko wani miƙaƙƙen ƙarfe mai kauri, na ɗora ƙusa a tsakiyarsa, na kwantar da doron wuƙar a kan ƙusar tun tana da zafi. Auta ya riƙe min, na riƙa ɗaure bakin nan biyu a hankali, har ta wuce daidai ta ɗan lanƙwasa ta ɗaya gefen.

"Kin zarce!" in ji shi.

"Da gangan. In an kwance za ta koma baya."

Wani abu ya ce ƙas. 'Yata ta rufe baki. Muka duba, ashe ƙusar ce ta zame. Auta ya share gumi ya ce ko injin babbar mota bai taɓa tsinka masa zuciya haka ba.

Muka mayar da ita tanderu. Zagaye na farko ta rage rabi. Na biyu ta kusa. Bayan na uku na kwantar da ita a kan gilashin taga. Ko'ina ta kwanta, sai can kusa da tsini, inda haske yake ratsawa kamar kaurin takarda.

"Saura ɗaya," in ji Auta, wanda yanzu ya fi kowa ɗoki. "Da Yaya ne, sai ya ƙara."

"Na sani. Kwandon da ke ƙarƙashin teburin can, duk wuƙaƙen 'saura ɗaya' ne."

Ya leƙa kwandon, ya ga gutsattsarin, ya yi dariya har hawaye suka zo masa, daga nan kuma ba dariya ba ce. Na bar shi ya gama. Na kashe wutar.

Auta ne ya sa mata ƙota, mai washi ya fitar mata da baki. Da ita nake tsaga bayan burodi kowace safiya kafin ya shiga wuta. Takan ɗan ja hagu, sai in karkata wuyan hannuna dama kaɗan, tsagar ta fito sak. Hannun ya saba. Jiya 'yata ta ba ni wuƙarta ta kanti in yanka mata albasa, ta tsaya tana kallona.

"Umma, me ya sa kike yanka a karkace?"