Takalmin Tagar Baba

Tun ranar da Baba ya zame daga tsani yayana Curtis ya yanke magana: in aka sake samun wata ɓarna a gidan nan, zaman Baba shi kaɗai ya ƙare, sai gidan tsofaffi. Curtis ba ya magana biyu, abin da ya fi ba ni haushi da shi ke nan. Ranar Asabar zai zo daga Minneapolis ya duba gidan, don haka na yi sammako na riga shi isa Duluth, garin da Baba yake zaune. Me zan gani? Baba ya jingina tsani da bango, ga bokiti ga tsumma, wai zai wanke tagogi kafin dusar ƙanƙara ta sauka.

"Baba, don Allah ajiye tsanin nan. Ta ciki ake wanke tagogin nan, kwantowa suke yi."

"Taga ta kwanta? Ke Marlys, taga ce ko saniya?"

Mama ce ta sa aka canja su, ita ta san kansu, ta rasu ba ta nuna masa ba. Na ja shi ɗakin girki, na ɗaga marfin tagar na ƙasa kaɗan, na tura 'yan sakatun samansa biyu, marfin ya kwanto gabana. Baba ya saki baki. Da a nan na tsaya, da an zauna lafiya. Amma daɗin burgewa ya ɗebe ni, na ce bari in cire shi gaba ɗaya in wanke a kan tebur.

A ƙasan marfin, kowane gefe akwai ɗan ƙarfe da ke zaune cikin wata roba mai sifirin, wadda masu tagogi ke kira takalmi. Sai marfin ya kwanta a shimfiɗe sosai takalmin ke kulle kansa. Na san haka sarai, amma a karkace na fizgo shi. Tas! Sifirin ya harba takalmin hagu can saman ramin da yake zamewa a ciki, ya bar mu da marfi a hannu da ƙaton rami a bango, iskar tafkin da ke bakin garin na shigowa tana kaɗa labule.

"To," in ji Baba, "ta kwanta, ta kuma tashi."

"Baba, ba yanzu ba."

"Ni dai duk hawan tsanina, taga ba ta taɓa yar da takalmi ba. In sa miki kofi?"

Kamar in yi ihu. Na hau kujera na soka wuƙar shafa bota cikin takalmin ina jansa ƙasa, ya biyo ni rabin hanya ya suɓuce, ya tsaga mini farce. Na sake, ya sake. Raina ya gama ɓaci, na miƙa wa Baba marfin na ce ya riƙe, kada ya motsa, na ruga gareji neman babban sukudireba.

Ina dawowa na tarar da Curtis tsaye a ɗakin girki, ko rigar sanyi bai cire ba. Yana kallon ramin, yana kallon Baba rungume da gilashi.

"Ni ce," na ce. "Wallahi ni na cire shi."

"Na sani," in ji Curtis a gajiye. "Ke ce kika bar tukunya a wuta har ta ƙone. Ke ce kika goga motar Baba da ƙofar gareji. Kullum ke ce, Marlys."

Laifin waɗancan biyun na ɗauke wa Baba ne, kuma Curtis ya daɗe da ganewa. Na juya wajen Baba, "Gaya masa mana!"

Ya gaya masa, tiryan-tiryan, har da saniyar. Curtis ya saurara yana gyaɗa kai irin wanda ake yi wa yaro, sannan ya karɓi sukudireba daga hannuna, ya ce Litinin zai kira mutanen gidan tsofaffin.

Baba ya ajiye marfin a kan tebur a hankali, ya goge shatin yatsunsa da hannun riga.

"Can ɗin," ya ce, "suna barin mutum ya buɗe taga?"