Kwalbar da Ta Fashe

Ƙarar ba ta da yawa. Ƙas, kamar an taka ƙwai. Injin da ke wulwula kwalaben gwaji ya girgiza ya tsaya, Auta kuwa ta yi abin da hannunta ya saba yi in tukunya ta tafaso: ta ɗaga murfi.

Sai da ta ga ruwa ya fantsama a cikin injin sannan ta tuna dokar da ita kanta take koya wa sababbin ma'aikata. In kwalba ta fashe ba a buɗewa. Kowa ya fita, a bar iska ta lafa. Ta kai hannu fuska. Takunkuminta na nan, amma tun da safe ta sassauta igiyarsa saboda wani ƙurji da ya fito mata a bayan kunne. Iska na shiga ta gefen hanci, kuma ta riga ta ja numfashi.

Ta rufe injin, ta fita, ta cire rigar aiki, ta yi wanka a banɗakin ma'aikata har fatarta ta fara zafi. Sabulu ba ya kaiwa huhu. Ta sani, amma ta ci gaba da cuɗawa.

A baranda ta tarar da Dogo, abokin aikinta, yana maƙala takardar hana shiga a ƙofa.

"Malama, wacce ce ta fashe?"

Kwalabe biyu ta sa a injin, duka na ƙwayar tarin fuka, kuma bambancinsu shi ne aikin da take yi. Ƙwayar tana da wata ƙwayar gado da ke ƙera mata sinadarin kare kai. Maganin da ake ba masu tari yana shiga cikinta lami, sai wannan sinadarin ya mai da shi guba. Wato ita ke wasa wuƙar da za a yanka ta. Kwalba ɗaya mai lafiyayyar ƙwayar gado ce, magani na kashe ta. A ɗayar ƙwayar gadon ta lalace, babu mai wasa wuƙa. Daga majinar wani direba aka samo ta, wanda magani na biyu ma bai ci shi ba. An binne shi bara.

"Ban sani ba," in ji Auta.

"Kamar yaya ba ki sani ba? Ba ki rubuta ba?"

"Na rubuta da alƙalamin maka. Sai na fesa musu sifirit kafin in sa su."

Dogo ya dafe kai. Duk mai aikin nan ya san sifirit na wanke rubutun maka, kuma duk mai aikin nan ya taɓa mantawa.

"Tsabta ta yi miki yawa," ya ce. Ya yi ƙoƙarin dariya, ba ta fito ba. "To, ɗaya ta tsira. In iska ta lafa zan shiga in ɗauko ta in gwada. Wadda na gani, ɗayar ce kika shaƙa. Ki je wajen likita."

Likitan ma'aikata ya saurare ta bai katse ta ba. Ya faɗa mata abin da ta sani. Mai yiwuwa ba abin da ya shiga. Ko ya shiga, yawancin mutane jikinsu na ɗaure ƙwayar ta yi ta barci har su tsufa. Ba za ta shafa wa kowa ba muddin ba ta fara tari ba.

"In ta direban ce fa?"

"Akwai wani magani da za mu gwada. Ba zan yi miki rantsuwa a kansa ba."

A motar haya ta zauna kusa da taga, ta juya wa mutane ƙeya. Wani dattijo a baya ya yi tari, tsikar jikinta ta tashi.

A gida mahaifiyarta Inna na zaune tana tsefe wa jikarta, 'yar Auta, kai. Yarinyar ta fizge ta rugo da gudu, rabin kai a tsefe. Auta ta riƙe ta a kafaɗa, nesa da fuskarta.

"Yau kuma me ya dawo da ke da rana tsaka?" in ji Inna. "Sun kore ki ne, ko ƙwarin naki sun ƙare?"

"Kwalba ce ta fashe."

"Sai su cire a albashi. Shi ne kike wannan fuska kamar an aiko miki da mutuwa?"

Auta ta zauna ta yi mata bayani, har da direban. Inna ta ajiye matsefi.

"Tun farko na ce ki koyar a makaranta. Mutane na gudun ciwo, ke kina kiwonsa kamar kaji."

"Inna, ba zan shafa wa kowa ba. Likita ya ce sai in ina tari."

"Allah Ya tsare," in ji Inna. 

Washegari Auta ba ta je aiki ba. Ta share ɗaki, ta wanke kayan da ba su yi datti ba. Duk numfashin da ta ja sai ta bi shi da kunne har ƙasan ƙirji. Da hantsi waya ta yi ƙara.

"Malama, kina zaune?"

"Dogo, faɗi."

"Wadda ta tsira, ƙwayar gadonta lafiya lau. Na maimaita don kada in yi miki ƙarya."

"Ta direban ce ke nan ta fashe."

"Ita ce. Amma Malama, takunkumin ai yana fuskarki. Ke da ko mura ba ta kama ki..."

"Na gode," ta ce, ta kashe.

Inna na bakin ƙofa, ta ji komai. Yarinyar ta hau cinyar uwarta tana wasa da ɗan kunnenta. Auta ta bar ta. Bakinta ya bushe ƙamas, ta ɗauki kofin ruwa ta kafa kai. Garin sauri ruwan ya sarƙe ta.

Tari ya zo mata da ƙarfi, ɗaya bayan ɗaya, har hawaye. Ta kau da kai, ta toshe baki da gefen zane. Kafin ta ɗago cinyarta ta yi sakayau. Inna ta riga ta ɗauke yarinyar, ta kifa fuskarta a ƙirjinta, ta ja da baya har bango.

"Ruwa ne, Inna. Ruwa ne ya sarƙe ni."

"Na gani," in ji Inna. "Sannu."

Yarinyar ta miƙo hannu tana kiran uwarta. Inna ta gyara mata riƙo, ta ce zo mu je ɗakina, akwai abin da zan nuna miki. Auta ba ta hana ba.