Akwatunan Raliatou Bakwai

Raliatou tana aiki a wata masana'antar sinadarai a Saint-Fons, tana zaune a hawa na shida a Rillieux, duka a gefen birnin Lyon. Shekara uku ke nan da ta shiga wani kulob a Lyon inda manya ke wasan yaƙi da ƴan ƙananan sojoji a kan tebur. Ita wasan bai dame ta sosai ba. Abin da ta ƙware a kai shi ne gina filin da ake fafatawar: duwatsu, gidaje, rijiya, ganuwa. Da soso mai tauri da kwali da gam ta ƙera wani yanki na Birnin Damagaram, har da rumbuna huɗu masu rufin ciyawa da ta yi da gashin burushi. Da kulob ya zaɓi teburinta don babban taron Paris, sai tambayar ta zama yadda za a kai shi can lafiya.

Sati biyu ta yi tana shiri. Ta sayi akwatunan roba bakwai, ta shimfiɗa farantin ƙarfe a gindin kowanne, ta manna ƙananan maganaɗisu ƙarƙashin gine-ginen don kada su motsa. Ganuwar ta raba ta gida uku, ta naɗe kowane yanki da tsofaffin mayafanta.

Yayanta Ɗan Juma ɗan kasuwa ne, duk Asabar yakan kai kaya Paris da motarsa. Ya yarda zai ɗauke ta. Amma da ta sauko da safiyar Asabar ɗin, ta tarar ya jera akwatunanta a can ƙasa cikin motar yana shirin ɗora musu buhunan gero da katan-katan na man gyaɗa. Ya ce ai akwatin roba ne, an yi shi don ɗaukar nauyi, kuma ba zai bar kayan mutane a Lyon saboda kayan wasan yara ba.

Raliatou ba ta yi gardama ba. Ta ajiye jakarta, ta hau motar, ta fara fito da akwatunan ɗaya bayan ɗaya.

"Yaya, wata tara na yi ina gina wannan. Ko su hau sama a ɗaure, ko in tafi tasha da su yanzu."

Ya tambaye ta da wane hannu za ta ɗauki akwati bakwai a jirgin ƙasa. Ta ce za ta yi sawu uku in ta kama. Ya san halinta tun suna yara, sai ya ja tsaki ya sauke buhu biyu. Ita da kanta ta ɗaure akwatu shida a jikin bangon motar. Na bakwai, mai rumbuna, ta ɗora shi a cinya. Haka suka kama hanya, awa biyar da wani abu, ƙafafunta sun yi sanyi, ba ta sauke shi ba ko da suka tsaya shan mai.

Duk da haka, da suka buɗe motar a ma'ajin ƴan kasuwa kusa da Porte de la Chapelle, wani katan ya zame ya faɗa kan akwati na uku. Murfin ya lotsa, ƙofar ganuwa ta karye biyu. Ɗan Juma ya ce ai dama ya san abin ba zai kai ba, gara ta haƙura su wuce gidan goggonsu. Wasu masu sauke kaya suka taru suna dariya.

Ta share wani tebur da ake ɗaure kaya a kai, ta fito da gam da tsinken sakace da ɗan fenti, ta zauna a gabansu duka ta fara ɗori. Don fushi, har sau biyu gam ya zube mata. Ba ta ɗaga kai ba.

Mai ma'ajin, wani dattijo Alhaji Mika'il, ya matso ya tsaya yana kallo. Can ya nuna duwatsun da ke cikin akwati na biyu ya ce ya san su, bayan gidansu suke a Damagaram. Ya ƙara da cewa ƙofar da take gyarawa ta yi faɗi da yawa, ta gaske raƙumi ɗaya da kayansa ke wucewa.

"Baba, haka na bar ta da gangan," in ji ta. "Ƴan sojojin wasan a kan faifai mai faɗi suke tsaye, dole su shige."

Sai ya ce wa masu dariyar su koma bakin aiki, ya sa aka kawo mata fitila.

Washegari teburinta ya tsaya a zauren taron cikin tebura arba'in. Wasa shida aka buga a kansa. Ba ta samu kyauta ba, kuma wanda ya duƙa sosai zai ga tabon gam a ƙofar. Da yamma Ɗan Juma ya buga waya ya ce motar babu kaya, zai iya mayar da ita. Ta ce to, amma ita za ta yi lodi, kuma igiya huɗu take so.