Ranar da Ƙuma Ya Yi Cizo

Tun da Baba Kafinta ya ajiye zarto, babu mai taya shi zaman baranda sai Ƙuma, ɗan mitsitsin karen da bai fi kyanwa ba. Shekara da shekaru yara na ja masa jela, bai taɓa nuna wa kowa haƙori ba. Kwatsam ran nan autar jikoki ta lallaɓo ta bayansa ta sunkuce shi, sai caraf, ya kafa mata haƙori a yatsa.

Nan take gida ya hargitse. Surukar Baba ta ce kare ya haukace. Babban ɗansa, direban tasi, ya rantse gobe zai jefa shi a but ɗin motarsa ya kai shi bayan gari ya yar.

Ran Baba ya ɓaci ƙwarai. "Bayan gari? Ku da ko ruwa ba ku taɓa zuba masa ba, yau kun zama alƙalai? Wa ya tsaya ya nemi dalili? Ruwa ba ya tsami banza!"

Kowa ya ci gaba da harkarsa. A gidan nan maganar tsoho ta koma ta rediyo, a ji a wuce.

Gari na wayewa ya sa Ƙuma a kwali, ya tari mota sai wurin likitar dabbobi. Ta duba shi tsaf, ta ce babu hauka. Ta haska idonsa da 'yar tocila, ta kaɗa masa hannu a fuska, ko gezau.

"Baba, yanar ido ce ta hana shi gani," in ji ta. "Ba mugunta ba ce, tsoro ne. Hannu kawai yake ji ya faɗo masa daga duhu. A riƙa kiran sunansa kafin a taɓa shi, kuma a daina sauya wa kaya wuri."

Sauya wa kaya wuri! Ga surukarsa, kullum kujerun baranda suna hijira, yau gabas gobe yamma. Ashe bawan Allah karo yake ta ci, ana yi masa dariya!

Ya dawo da zafinsa, ya tarar da direba yana wanke mota a ƙofar gida. Ya zayyana masa komai.

Direba ko ɗagowa bai yi ba. "To Baba, ai ka yanke hukunci da bakinka. Ya tsufa, ba ya gani, ga faɗa. Me zai tsinana mana ban da ɗawainiya?"

Baba ya ajiye kwalin a hankali.

"Au, haka abin yake? To ka share kujerar baya ma, don but ba zai ɗauke mu mu biyu ba. Ni ma rabona da ganin fuskarka sosai tun bara. Muryarka nake bi."