Gurbin Goggo Tasalla

Daren jiya na yi wani irin mafarki, kuma na san abin da ya jawo shi, don da maganar fiyano a raina na kwanta.

Ni makaɗin biki ne, sunana Hashimu. Fiyanona irin mai haɗa kiɗa da kansa ne: ka danna da hagu, ganga da kalangu su tashi, dama kuma ta bi su da waƙa. Ya tsufa. Tun ranar da ruwan sama ya ritsa da mu a wani biki a Gezawa haƙorinsa ɗaya ya lalace, don ni haƙora nake ce wa maɓallan nan farare da baƙaƙe. Lalacewar kuwa ta rainin hankali ce. Da yatsa ya taɓa shi sai kiɗan duka ya ɗauke tsawon numfashi guda, sannan ya dawo kamar ba shi ba. Ga shi a tsakiyar kiɗan fito da amarya yake, ba yadda za ka kauce masa. Ranar da ya fara yi mini haka ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Goggo Tasalla, ƙanwar mahaifina, ita ta rufa mini asiri. Ta kama hanci ta rangaɗa guɗa a cikin shirun nan, mata suka ɗauka shiri ne. Tun daga ranar duk bikin da za ni tare muke zuwa, kuma tun rasuwar mijinta ba abin da ke sa ta ciro sabon zani daga akwati sai wannan.

To sai ga Nafi'u mai kayan sauti da sabon fiyano mai allo kamar na waya. Yaran da suka taso jiya duk irinsa ke hannunsu, suna ta kwashe mini bukukuwa, abin kuwa yana ci mini rai. Nafi'u ya ce in ba shi tsohon ya farke ya sayar da kayan ciki, in yi ciko, in karɓi sabo. Har ya nuna mini wani maɓalli da ke yin guɗa. Muka rabu a kan zai zo da safe. Ban gaya wa Goggo ba.

Sai na gan ni a wani gari da rana tsaka, fiyanona a ka kamar farantin talla. A garin nan mutane a tsaye suke, hanya ce ke tafiya. In kasuwa kake so sai ka tsaya, za ta iso. Ana ta ruwa, amma daga ƙasa yake tsirowa ya nufi sama, don haka kowa ya shimfiɗa lemarsa ya hau kai.

"Hashimu," in ji fiyanon daga bisa kaina, "ka yi nauyi."

"Ni fa na ɗauko ka."

"Haka kake gani."

Ban ja da shi ba, tsoho ne.

Shago ya zo ya tsaya a gabana. Mai shagon ƙadangare ne jangwalagwada, sanye da hular Nafi'u, har da karin da yake yi mata a gefe. Na yi sallama, ya gyaɗa kai. Na tambayi iyali, ya gyaɗa kai. A bayansa ga sabon fiyano a shimfiɗe, tsawonsa ya fita ta taga ya bi titi, ban ga ƙarshensa ba. Gaskiya ya yi kyau. Yawuna sai da ya tsinke. Na miƙa yatsa zan taɓa, kafin in kai ya riga ya kaɗa abin da nake nufi, ya ma gyara mini kuskuren da na saba yi a wurin.

"Yana da algaita?" na tambaya.

Ya gyaɗa kai.

"Garaya fa? Shantu? Kukan jariri ranar suna?"

Ya yi ta gyaɗawa.

"To ni mene ne aikina?"

"Ka tsaya a baya ka yi murmushi," in ji shi. "In ka gaji, murmushin ma akwai maɓallinsa. Zamani riga ne, maigida. Sai dai ba a ba da fiyanon sai an je ofis."

Ofishin bai jira na tsaya ba, kawai na gan ni a ciki. An rubuta a bango: Hukumar Cike Gurbi. Shugaban wani bunsuru ne mai tabarau, yana zaune a kan tebur, kujerar kuma tana gefe tana jiran a ba ta izinin zama. Warinsa ya cika ɗakin, amma wari ne irin na manya, ba mai cewa komai.

"Gurbi nawa gare ka?" ya tambaya.

"Ɗaya ne, ranka ya daɗe. Ƙarami ne ma."

"Duk haka suke cewa."

Ya bayyana mini cewa garin ya ci gaba, an hana barin fili a ko'ina. An cike rijiyoyi, an cike tsakanin yatsu, an cike wushiryar duk macen da ke da ita. Ya nuna mini kanta cike da kwalabe, kowace da abin da aka ƙwato. Ga shirun da budurwa ke yi kafin ta amsa sallamar saurayi. Ga wanda ake yi a zaman makoki kafin wani ya ce, ya haƙuri. Ga wata 'yar ƙaramar kwalba ta shirun da ke biyo bayan ɗauke wuta, kafin unguwa ta yi tsaki.

"Me ake yi da su?" na ce.

"Ci," in ji shi. "Da ɗan gishiri."

Wasu agwagi biyu ma'aikata suka sauke fiyanona, suka buɗe masa baki, suka sa awartaki a ƙarƙashin haƙorin nan. Suka zaro shirun a hankali. Ban taɓa ganinsa ido da ido ba sai ranar. Fari ne, bai fi tsawon ɗan yatsa ba, yana ɗan motsi. Suka jefa shi kwalba suka toshe. Raina bai so ba, amma na tuna yaran nan da ke kwashe mini bukukuwa, na ce wa kaina sabo turken wawa, na sa hannu a inda aka nuna mini. Bunsurun ya cinye takardar ya ce an kammala.

Sai biki. Rumfa ta kai faɗin filin ƙwallo, mata sun cika ta maƙil, ni kuma ina bayan sabon fiyano ina murmushi. Kiɗa kuwa ba a magana. Kalangu goma, algaita tana shawagi a samansu, komai a kan ƙa'ida. Yaran nan abokan hamayyata suna can gefe sun zama 'yan kallo, har ɗayansu yana yi mini fifita. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi. Na ji daɗi ƙwarai.

Can na lura mata sun jiƙe da gumi amma ba wadda ta zauna. Wata ta ratso ta gabana tana rawa tana haki.

"Malammaikiɗaadakatamusharuwa," ta ce, don a garin ba a barin fili tsakanin kalmomi.

Na nemi inda ake tsayarwa, ban samu ba. Aka ce a fito da amarya. Fiyanon ya shiga kiɗan fito da amarya da kansa, ya fi yadda nake yi daɗi nesa ba kusa ba. Ya zo daidai wurin nan, wurin da ƙirjina ya saba tsayawa, ya wuce sumul. Ya saki guɗarsa ta inji, ya sake saki, ya sake, a gaba da baya da tsakiya, har ta zama kamar ƙarar injin markaɗe, ba mai juyowa. Amarya kuwa ba ta fito ba. Ina hango ƙafarta mai lalle a bakin ƙofa, ta ɗaga, tana neman inda za ta sauke ta a cikin kiɗan, babu.

A nan na ga Goggo.

Tana tsaye a inda ta saba, dama da lasifika, cikin sabon zaninta mai ruwan goro. Ta kama hanci da yatsu biyu. Ta ja numfashi ta cika ƙirji, idonta a kan hannuna, tana jiran wurinta. Kiɗan ya zagayo, ya wuce. Ba ta saki ba, sai ta ƙara jan wani numfashin a kan na farko. Ya sake zagayowa, ta ƙara. A hankali na ga dugaduganta sun rabu da ƙasa.

"Goggo, ki saki mana!" na ce. "Ko'ina ma ki saka!"

Ta girgiza kai. Goggo ba ta taɓa saka guɗa a kan kiɗan wani ba, ta ce wannan aikin marasa tarbiyya ne. Ta ci gaba da tashi tare da ruwan nan mai hawa sama, a tsaye kyam, takalminta ɗaya ya zame ya faɗo. Ta wuce rumfa. Na yi tsalle na kamo bakin gyalenta, sai zare ɗaya ya biyo hannuna yana warwarewa. Ba fushi a fuskarta, shi ya fi ba ni tsoro. Jira kawai take, irin jiran wanda ya tabbata ba za a manta da shi ba.

Na bi haƙoran sabon fiyanon da gudu ina dannawa ɗaya bayan ɗaya, ko Allah zai sa a dace da matacce. Na bi su har titi, har bayan gari. Duk lafiyarsu lau. Ban taɓa jin haushin lafiya irin na ranar ba.

Na tsaya cik don ofis ya zo. Kasuwa ta zo ta wuce, makabarta ta zo ta wuce, wani gidan mai ya tsaya ya tambaye ni ko na ga mota. Da ƙyar ofishin ya iso. Bunsuru ya riga ya buɗe kwalbar, yana barbaɗa gishiri.

"Ranka ya daɗe, na fasa."

"Ba a fasawa. Ana dai yin nadama, ofishinta na gaba."

"Goggona ce za ta ɓace!"

"Tana da lasisin tashi?"

Ban san lokacin da na fizge kwalbar ba. A ƙarƙashin tebur na tarar da tsohon fiyanona, ƙadangaru sun kewaye shi suna rabon haƙoransa, kowa na gyaɗa wa ɗan'uwansa kai. Na kore su. Saura haƙori ɗaya tal a bakinsa, lalataccen nan, don ba wanda ya so shi.

"Ka dawo," in ji fiyanon. Muryarsa ta zama ta marar haƙora.

"Na dawo."

"Ka rage nauyi."

Na juye masa shirun a baki. Na ɗaga kai, rufin ofishin ya matsa gefe don in gani. Goggo ta yi nisa, ta koma kamar shirwa, zaren gyalenta ya kusa ƙarewa a hannuna. Na sa yatsa na danna.

Komai ya ɗauke. Ruwa ya tsaya a inda yake, hanya ta tsaya, bunsuru ya tsaya da gishiri a kofato. Can nesa na ji ƙafar amarya ta sauka a ƙasa. Na ga Goggo ta buɗe baki, wushiryarta tana nan ba wanda ya taɓa, na saurara da dukan jikina.

Gurrrr. Gurrrr. Tuf.

Na buɗe ido. Gari ya waye, hasken rana har ya shigo ta labule. Goggo ce a bakin rariya take kuskure maƙogwaro da ruwan ɗumi da gishiri, kamar yadda take yi duk ranar da muke da biki. Fiyanona yana jingine a lungu, lulluɓe da tsohon zaninta.

"Babana!" ta kira, don sunan mahaifinta gare ni, ba ta faɗa. "Rana ta yi, kai kana nan kana fama da filo. Na goge zanina tun ɗazu. Ga wani can a ƙofar gida yana ta sallama, da wani dogon kwali a bayan babur."

Na tashi zaune. Hannuna na dama a dunƙule yake, na buɗe, ba zare.

"Goggo, a ce masa ya yi haƙuri ya koma da shi."

"Mene ne a ciki?"

"Ba namu ba ne."

"To," in ji ta. Ta sake guntsar ruwan, ta ɗaga kai sama.