Lemun Tsami a Kwaɓin Anasuya

A unguwarmu ta bayan tashar jirgin ƙasa a Tenali, da wuya ka sami gidan da ba a taɓa wanka da garin Anasuya ba. Koren wake take shanyawa a saman bene, ta haɗa da gangamau da hulba da busasshen ɓawon lemu da ganyen darbejiya, ta niƙa a dutse da hannunta duk da ciwon kafaɗa. Mai jego za ta aiko, amarya za ta aiko, har samari masu ƙurajen fuska sukan roƙi uwayensu su karɓo musu don kunya. A murje jiki da man riɗi, a kwaɓa garin da kindirmo, a shafa, a wanke. Shekara da shekaru ba wanda ya taɓa dawowa da ƙorafi.

Jikarta Yamini, 'yar shekara tara, a hannunta take, domin uwar yarinyar, Sujata, tana aiki a wata masaƙa a Vijayawada, sai ƙarshen mako take zuwa. Yamini baƙa ce siɗik kamar uwarta, ga manyan idanu, ga ƙafa mai ƙaiƙayin rawa. Ko aikenta aka yi kanti, da taku take tafiya.

Ana shirin bikin makaranta, wata rana ta dawo ta yar da jaka, fuska a ɗaure. Anasuya na zaune a baranda tana tsince shinkafa tare da maƙwabciyarta Kanakam.

“Wa ya taɓa min sarauniya?” in ji Anasuya.

“Ammamma,” in ji Yamini, don haka take kiran kakarta, “malama ta mayar da ni layin baya a rawar biki. Wai masu ɗaukar hoto za su zo.”

“To, ai dogaye ake sawa a baya.”

“Ni ce fa mafi gajarta a ajin!”

Yarinyar ta shige ɗaki. Kanakam ta kaɗa kai, ta rage murya, amma ba sosai ba.

“Ke ma dai, yaya. Kina gyara 'ya'yan mutane suna sheƙi, taki na zaune kamar gindin tukunya. Matsa lemun tsami a kwaɓin nan mana, ki bar ta a rana ya kama jiki. Surukata haka ta yi wa tata, yanzu sai kin wanke hannu kafin ki taɓa.”

“Lemun tsami na wankin tagulla ne da tsimi,” in ji Anasuya. “Ba na sa shi a fata.”

Haka ta faɗa, kuma haka ta sani tun tana budurwa. Amma maganar layin baya ta tsaya mata a wuya. Ta tuna yadda ta sha jin irin wannan a kan Sujata, a gidan biki, a bakin famfo, daga bakin dangin miji. Washegari babu makaranta. Ta ɗebo garin, ta zuba kindirmo, ta tsaya tana kallon kwandon lemu. Sai ta yanka ta matsa, ta ƙara yankawa ta matsa, har kwaɓin ya tsinke.

Ta shafe wa Yamini fuska da wuya da hannuwa, ta hau da ita bene inda ake shanya barkono.

“Ammamma, yana cizo.”

“Aiki yake yi. Zauna ya bushe.”

“Zan yi fari?”

“Za ki yi kyau. Daina motsi.”

Yarinyar ta zauna a tsakar rana ta runtse ido. Anasuya ta sauko ta ɗora girki, wata mata ta zo karɓar gari suka tsaya hira. Ko da ta tuna ta hau da gudu, kwaɓin ya ƙame ya tsattsage, Yamini na nan yadda aka ajiye ta, zufa na bin ƙeyarta.

Ranar dai ja kawai fatar ta yi. Kashegari da yamma kumatu suka kumbura. Wayewar gari na gaba kuwa, ƙuraje masu ruwa suka fito a goshi da wuya da bayan hannu, wasu a jere, daidai inda yatsun Anasuya suka bi. Yamini ta kasa ko buɗe baki ta ci abinci.

A asibiti likita ta duba, ta tambayi abin da aka shafa. Anasuya ta lissafo: wake, gangamau, hulba, kindirmo. 

“Shi ke nan, mama?”

Yamini ta ɗago ta kalli kakarta. Ba ta tona ba, jira kawai take yi.

“Da lemun tsami,” in ji Anasuya da ƙyar. “Kuma na sa ta a rana.”

Likitar ba ta yi faɗa ba, kuma wannan ya fi faɗan ciwo. Ta ce ƙuna ce, za ta warke, amma tabo zai daɗe kafin ya baje. Ta hana shiga rana, ta hana shafa komai sai maganin da ta rubuta. Rawa kuwa sai wata shekara.

Sujata ta iso da rana tsaka, ko jakarta ba ta sauke ba ta durƙusa gaban 'yarta. Ta daɗe tana kallon fuskar. Sannan ta tashi ta sami uwarta a ɗakin girki ta turo ƙofa.

“Mama, me ta yi miki?”

“Wallahi don ita na yi. Sun mayar da ita baya, Sujata. Ban so ta sha abin da kika sha ba.”

“Abin da na sha a ina? A waje?” Sujata ta yi wata dariya marar daɗi. “Mutanen waje faɗa suke yi su wuce. Ke ce kike zaunar da ni duk Lahadi kina dirza ni har fatata ta yi zafi. In kin wanke sai ki ja ni bakin taga ki juya fuskata, ki duba, ki yi ajiyar zuciya. Kin ɗauka ba na ji?”

“Gyara nake miki. Duk uwa tana yi.”

“Har na gama firamare ina zaton datti ne a jikina wanda ya ƙi fita. Ita wannan ban taɓa bari ta san akwai abin da za a cire mata ba. Ɗazu kin san abin da ta tambaye ni? Wai in ƙurajen sun fashe, ta ƙarƙashin fara ce?”

Anasuya ta dafa bango ta zauna a ƙasa. A zuciyarta waɗannan Lahadin su ne mafi daɗin kwanakin da ta yi da 'yarta: ƙamshin man riɗi, ruwan ɗumi, yarinya a tsakanin ƙafafunta. Ba ta taɓa sanin tana ajiyar zuciya ba.

Sujata ta tattara kayan Yamini suka tafi Vijayawada a motar yamma. A bakin ƙofa yarinyar ta juyo, fuska duk farin magani, ta ce, “Kar ki yi kuka, Ammamma, ni ma ai na zauna.”

Bayan haka Anasuya ta daina niƙa. Mata suka yi ta zuwa tana cewa kafaɗa ce ta matsa. Kanakam ta leƙo sau ɗaya tana cewa ai wata fatar ce ba ta ɗaukar magani. Anasuya ba ta ɗora mata laifi ba, don ta san hannun wa ya riƙe wuƙar.

Da damina ta kusa ƙarewa ta dafa shinkafa da miyar yakuwa irin wadda Sujata ke so, ta hau bas. Yamini ce ta buɗe ƙofa. Ƙurajen sun warke, amma tabon na nan, ya fi sauran fatar duhu, layi-layi a kumatu. Ta rungume kakarta ta hau ba ta labarin sabuwar makaranta. Anasuya tana ta gyaɗa kai, idonta ya kasa barin layukan.

Sujata ta fito daga wanka tana tsane gashi. Anasuya ta shirya magana tun daga Tenali, amma duk ta watse.

“Kyakkyawa ce ke tun kina jaririya,” ta ce. “Ni ce ban faɗa ba.”

Sujata ta tsaya da tawul a hannu. Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Ta buɗe kwanon ta shinshina.

“Gishirin ya yi yawa kamar kullum?”

“Ƙila.”

“Yamini, ɗauko faranti uku.”

Suka zauna a tabarma suka ci. Yamini ce kaɗai ke surutu. Anasuya ta koma gida a motar ƙarshe kafin magariba, kuma tun daga ranar takan je duk bayan mako biyu da kwano a hannu. Har yau Sujata ba ta mayar mata da riƙon yarinyar ba, ita ma ba ta taɓa tambaya ba.